Tafiyar Kallon Namun Daji Cikin Ƙaramar Tawaga a Tanzaniya: Shin Ta Cancanci Kuɗinta?

Tambayar ta zo ne daga wani malami da ya taɓa kai iyalinsa Yankari, wanda yanzu wani kamfanin yawon buɗe ido ya yi masa tayin tafiyar kwana bakwai zuwa arewacin Tanzaniya, shi da maiɗakinsa, cikin tawagar mutum shida da jagora guda. Yana son ya san ko abin ya cancanci kuɗin da aka yanka masa, da watan da ya fi dacewa, da ko akwai hatsari, da kuma ko gara ya ɗauki mota tasa shi kaɗai.

Malam, tafiyar ta cancanta, amma da sharaɗin ka gane abin da kake saye. Kamfanoni sun fi tallata masauki, domin hoton gado mai labule da wurin ninkaya shi ne ke saurin jan ido, alhali masaukin nan ba za ka gan shi ba sai da duhu, ka ci abinci ka kwanta, kafin gari ya waye kuma an tashe ka. Abin da kuɗinka ke saya na gaskiya abu biyu ne: idon jagoran da zai tuƙa ku, da yawan sa'o'in da za ku yi cikin daji a lokacin da dabbobi ke motsi. Duk abin da zan faɗa a ƙasa yana komawa ne kan waɗannan biyun.

Tunda ka san Yankari, bari mu fara da girman wuri, domin a nan ne lissafin mutane ke karkacewa. Yankari tana da faɗin murabba'in kilomita 2,244, kuma yawancin kallon ana yin sa ne a gefen kogin Gaji, a fita a dawo Wikki cikin sa'o'i kaɗan. Serengeti kuwa ta kai kusan murabba'in kilomita 14,750, wato ta ninka Yankari fiye da sau shida, kuma daga garin Arusha, inda kusan dukkan tafiye-tafiyen nan ke farawa, zuwa Seronera da ke tsakiyarta tafiyar sa'a bakwai zuwa takwas ce, rabinta a kan hanyar burji mai gargada da ƙura. Saboda haka idan ka karɓi jadawalin, kada ka ƙirga ranakun da aka rubuta a samansa, ka ƙirga dararen da za a kwana a kowane gandu. "Kwana bakwai" a bakin ɗan talla yakan haɗa da ranar sauka daga jirgi da ranar komawa, sai ka tarar kwana biyar ne a daji, biyu daga ciki kuma an kashe su a hanya. Jadawalin da ya ba Serengeti dare ɗaya tak, ni dai ba na ba kowa shawarar ya karɓe shi, domin za ku isa da la'asar a gajiye, ku fita sau ɗaya da safe, sannan direba ya fara duban agogo. Dalilin duban agogon shi ne takardar shiga gandun ta sa'a 24 ce, wanda ya shiga ƙofar Naabi da ƙarfe biyu na rana dole ya fita kafin ƙarfe biyun gobe, in ba haka ba a sake biyan kuɗin yini guda a kan kowane mutum. Dare uku a Serengeti shi ne mafi ƙarancin abin da zai ba ka damar kallo cikin natsuwa. Idan kwanakin ba su isa ba, gara a cire tafkin Manyara daga jadawalin a ƙara wa Serengeti, a bar gandun Tarangire da kwarin Ngorongoro, wanda ramin wani tsohon dutse ne mai aman wuta, da yini ɗaya-ɗaya.

Batun ko a shiga tawaga ko a ɗauki mota ta kai, lissafi ne kawai. Motar da ake amfani da ita galibi Toyota Land Cruiser ce da aka ƙara wa tsawo, mai rufin da ake ɗagawa sama domin a miƙe tsaye a yi kallo, kuma kuɗinta da na mai da na direba ɗaya ne ko mutum biyu ta ɗauka ko shida. Haka nan sauka cikin kwarin Ngorongoro ana biyan kusan dala 300 a kan kowace mota, ban da kuɗin shiga na kowane mutum. Idan an raba waɗannan gida shida, nauyin ya yi sauƙi ƙwarai, abin da ya sa tawaga ta fi araha ke nan. Kuɗin shiga kuwa ba ya raguwa, domin a kan kai ake biya: na Serengeti ya haura dala 80 a rana idan an haɗa da haraji a lokacin cinkoso, kuma ɗan Nijeriya ko Nijar yana biyan kuɗin baƙo ne cikakke, rangwamen na 'yan ƙasashen Gabashin Afirka ne. Wannan shi ya sa duk wanda ya yi maka tayin farashin da ya faɗi ƙasa da dala 200 a rana, sai ka tambaye shi inda ya rage, domin bai isa ya rage daga kuɗin gwamnati ba. Daga mota zai rage, ko daga jagora, ko ya ajiye ku a masaukin da ke nesa da ƙofar gandu.

Mutum shida adadi ne mai kyau, matuƙar an rubuta maka cewa kowa yana da kujerar taga, kuma ba za a ƙara na bakwai a hanya ba. Abin da ke ɓata tawaga ba yawa ba ne, saɓanin buƙata ne. Mai ɗaukar hoto yana so a tsaya minti arba'in a gaban tsuntsu guda, mai gaggawa yana so a ga zaki a wuce, wani kuma ba ya iya tashin asuba. Ka tambayi kamfanin ko akwai ƙananan yara a cikin tawagar, da ƙarfe nawa ake fita, kuma a daren farko ku daidaita da abokan tafiya cewa za a riƙa musayar kujeru kowace rana, domin kujerun baya sun fi shan girgiza, na gaba kuma sun fi jin bayanin jagora. Idan da ku huɗu ne ko fiye, ko kuna tafe da dattijo mai ciwon baya, da na ce ku ɗauki mota taku, tunda bambancin kuɗin ba zai taka kara ya karya ba. Ku biyu kuwa, tawaga ta fi.

Yanzu ga jagora, wanda a Tanzaniya shi ne direban ma. Ƙofofin gandu suna buɗewa da ƙarfe shida na safe su rufe da shida na yamma, kuma dabbobin da ke farauta sun fi motsi a sa'o'i biyu na farko da biyu na ƙarshe. Da rana ta take, zaki kwanciya yake yi a inuwa, yana iya shafe mafi yawan yini yana barci. Jagoran da ya san aikinsa zai sa a ɗaure muku karin kumallo a kwali ku fita da duhu-duhu. Za ka gan shi a bakin kogin Seronera ya kashe inji ba tare da ya ce komai ba, ya leƙo da kai yana saurare. Can sai ka ji birai suna haushi daga kan bishiya guda, ka ga garken barewa sun daina kiwo duk sun fuskanci waje ɗaya kunnuwa a miƙe. Sai ya ɗaga madubin hangen nesa ya bi rassan bishiyoyin bakin ruwa ɗaya bayan ɗaya, ba jikin dabba yake nema ba, jelar da ta sauko daga reshe yake nema, ko ƙafar barewar da aka saƙale a tsakanin rassa biyu. Haka ake samun damisa, wadda ke hawa da abin da ta kama domin kada kura ko zaki su ƙwace. Wani direban kuwa rediyon mota kawai yake saurare, da zarar ya ji abokansa sun ce an ga wani abu sai ya taka mota ya je ya shiga layin motoci ashirin. Dukansu za su nuna maka zaki, domin zaki ba ya wuyar gani a Serengeti, amma na farkon ne kaɗai zai sa ka fahimci abin da kake gani.

To ta yaya za ka san wanda za a ba ka alhali kana gida? Ka nemi a faɗa maka sunansa da shekarun da ya yi yana aikin, da inda ya yi karatu. Akwai kwalejin kula da namun daji ta Mweka a gindin dutsen Kilimanjaro, wadda aka kafa a 1963, kuma da yawa daga cikin ƙwararrun yankin sun bi ta can, ko da yake akwai tsofaffin hannu da ba su shiga aji ba amma sun fi masu takarda sanin daji. A Kenya ƙungiyar jagorori ta KPSGA tana ba da shaida mataki uku, tagulla da azurfa da zinare. Ka kuma tambaya ko jagoran ma'aikacin kamfanin ne na dindindin ko kuwa na haya ne da ake kira idan aiki ya yi yawa. Kamfanin da ya kasa amsa waɗannan, yawanci dillali ne da zai sayar da ku ga wani kamfanin ranar da kuka sauka.

Game da wata kuwa, amsar ta dogara da abin da kake son gani, domin abin da ya yi wa Serengeti suna ba ya zaune wuri ɗaya. Nyumbu, wata dabba mai kama da ƙaramin sa mai gemu da geza, su fiye da miliyan ɗaya, tare da jakunan dawa dubu ɗaruruwa da bareyi, suna zagaye ne duk shekara suna bin ruwan sama da sabuwar ciyawa. Daga ƙarshen Janairu zuwa Maris suna filayen kudu, wajen Ndutu, inda ƙasar ta samo asali daga tokar duwatsu masu aman wuta, ciyawarta gajera ce mai yawan sinadaran da uwa mai shayarwa ke buƙata. A nan suke haihuwa, 'ya'ya dubu ɗaruruwa cikin makonni kaɗan, kuma jaririn yakan miƙe ya bi uwarsa cikin mintuna. Yawan haihuwar a lokaci guda shi ne kariyarsu, domin zakuna da kuraye ba za su iya cinye su duka ba. Damina mai ƙarfi tana sauka daga Maris zuwa Mayu, hanyoyi su yi taɓo, farashi ya faɗi. Wajen Mayu da Yuni garken yana nausawa yamma da arewa, ta kogin Grumeti, sannan daga Yuli zuwa Oktoba yana can arewa a bakin kogin Mara, yana kai da komo tsakanin Tanzaniya da gandun Masai Mara na Kenya. Da ƙaramar damina ta sauka a Nuwamba sai ya juyo kudu.

Abin da wannan ke nufi ga jadawalinka shi ne, idan an ce za a nuna maka tsallaken kogi a watan Agusta amma duk dararenka a Seronera suke, to ba za ka gani ba, domin daga can zuwa Kogatende da ke bakin Mara kusan rabin yini ne a mota. Dole a kwana a arewa, dare biyu aƙalla. Ko an kwana ma, babu wanda ya isa ya yi maka alkawarin tsallake. Garke yakan taru a gaɓar kogi dubbai, ƙura ta tashi, na gaba su sauka har bakin ruwa su shinshina su koma, a yi ta haka sa'a uku, sannan wata guda ta faɗa ruwa sauran su bi ta kamar an buɗe ƙofa, kadoji na jira a ƙasa. Wata rana kuma su juya su tafi kiwo, ku dawo masauki ba ku ga komai ba. A ganina, ga wanda zai je karo na farko da iyali, Fabrairu a Ndutu ta fi Agusta a Mara tabbas, domin garken yana nan shimfiɗe a fili ba sai an yi jira ba, kuma motoci ba su kai na bakin kogi yawa ba. Amma idan giwaye ne a ranka, to rani ya fi, daga Yuni zuwa Oktoba, lokacin da suke taruwa a kogin Tarangire a tsakanin manyan itatuwan kuka, har ka ga suna tona yashi da hanci suna neman ruwa. Ngorongoro ita ba ruwanta da wata, domin yawancin dabbobinta ba sa barin kwarin. Zurfinsa kusan mita 600 ne, faɗin ƙasansa kusan murabba'in kilomita 260, kuma nan ne ka fi samun damar ganin baƙin karkanda, ko da yake sau da yawa daga nesa ne.

Cinkoson motoci ba batun jin daɗin kallo kaɗai ba ne. Wani bincike da aka wallafa a 2018 kan rabbi a yankin Masai Mara, wato dabbar nan mai ɗigo-ɗigo da ta fi kowace dabbar ƙasa gudu, ya nuna cewa uwayen da ke zaune inda motocin baƙi suka yi yawa suna raya 'ya'ya kaɗan ƙwarai idan aka kwatanta da na wuraren da babu hayaniya. Rabbi da rana take farauta, kuma idan motoci suka yi mata zobe, abin da take fako ya gudu. Direbobi suna matsawa kusa ne domin sun san baƙon da ya samu hoto mai kyau ya fi sakin hannu. Idan kai da bakinka ka ce wa jagora a tsaya daga nan ya isa, ka sauke masa nauyi, kuma ka raba shi da tarar da ake ci wa wanda ya sauka daga hanya a gandun ƙasa.

Hatsarin dabbobi ga wanda ke cikin mota kaɗan ne, domin sun saba da motoci ba sa ɗaukar su abinci ko abokan gaba, muddin mutum bai zuro jiki waje ba, bai yi ihu ba, bai sauka inda ba a ba da izini ba. Inda ake bukatar kula shi ne masauki da dare. Yawancin sansanonin tanti na cikin Serengeti ba su da shinge, ɓauna da dorina da kura suna ratsawa tsakanin tantuna, shi ya sa ba a fita daga tanti bayan duhu sai an haska fitila ko an kira mai gadi ya zo ya yi rakiya. Wannan ya shafi alwalar asuba, saboda haka a tanadi ruwa a ciki tun da dare. A wurin cin abincin rana na Ngoitokitok cikin kwarin Ngorongoro kuma, abokin gabarka shirwa ce, wadda ke saukowa ta fizge cinyar kaza daga hannun mutum har ta yanke shi da farce, don haka a ci a cikin mota. Abin da ya fi dabbobi barazana shi ne zazzaɓin cizon sauro da hatsarin hanya. Ka ga likita kafin tafiya, kada ka ce ai ka saba da sauron gida, kuma ka tabbatar kuɗin ya haɗa da inshorar ɗauka ta jirgi idan ta ɓaci, irin wadda likitocin sama na AMREF da ke Nairobi suke yi. A Tarangire da wasu sassan Serengeti akwai ƙudan tsando mai zafin cizo, wanda baƙi da shuɗi mai duhu suke jawowa, saboda haka Hajiya ta ajiye baƙar abaya a otal ta sa mai ruwan ƙasa ko ruwan toka.

Ku tafi da rigunan sanyi na gaske. Tanzaniya tana kudu da layin da ya raba duniya biyu, Yuni zuwa Agusta ne lokacin sanyinta, kuma bakin kwarin Ngorongoro ya haura mita 2,200 a sama da teku, sanyin asubarsa ya fi na Jos a tsakiyar hunturu. Kowannenku ya riƙe madubin hangen nesa nasa, domin guda ɗayan da ke cikin mota ba ya isar mutum shida a daidai lokacin da ake bukatarsa. Kada ku zo da ledar zuba kaya, an hana ta a ƙasar tun 2019. Idan akwai ƙaramin jirgi a jadawalin, kilo 15 ne iyakar kaya, kuma a jaka mai laushi.

Salla da abinci ba su da wahala idan an faɗa tun wuri. Musulmi suna da yawa a Tanzaniya, akwai masallatai a Arusha da garuruwan hanya irin su Mto wa Mbu da Karatu, kuma ba abin mamaki ba ne jagoranku ya kasance Musulmi. Sai dai a cikin gandu ba a sauka ko'ina, saboda haka ka yi amfani da sauƙin da aka yi wa matafiyi, ka haɗa azahar da la'asar a wurin cin abincin rana, inda akwai ruwa da bayan gida, ka kuma sanar da jagora tun ranar farko domin ya ware muku minti goma. Alƙibla a can arewa take, ta ɗan karkata gabas kaɗan, ba gabas ba kamar yadda muka saba. Masaukai da yawa suna sa naman alade a karin kumallo da cikin kwalin abincin rana, don haka a rubuta buƙatarku a takardar yarjejeniya, a kuma maimaita wa mai dafa abinci a kowane masauki, tunda saƙon ofis ba kullum yake isa kicin ba.

Abin da ya fi kamata ka fara da shi, tun kafin ka biya kafin alƙalami, shi ne biza. Nijeriya da Nijar suna cikin ƙasashen da Tanzaniya ba ta ba wa biza a filin jirgi, sai an nema ta intanet an jira amincewar hukumar shige da fice, abin da ke iya ɗaukar makonni da dama, saboda haka a nema wata biyu kafin tafiya, kuma a rubuta a yarjejeniya abin da za a mayar maka idan ba ta fito ba. Katin rigakafin shawara wajibi ne ga wanda ya fito daga ƙasashenmu. Kenya ta sauƙaƙa shiga ga yawancin 'yan Afirka, wanda hakan ke sa wasu su zaɓi Masai Mara, amma kuɗin shiga gandun ya kai dala 200 a rana daga Yuli zuwa Disamba, kuma ba a tsallakawa daga gandun zuwa Serengeti kai tsaye duk da suna manne, sai an zagaya ta kan iyakar Isebania. Jirgin da za ka nema shi ne mai sauka a filin Kilimanjaro, ta Addis Ababa ko Nairobi, ba Dar es Salaam ba, wadda ke da nisan yini guda a mota daga Arusha. Ka duba ko kamfanin yana da lasisin gwamnati kuma yana cikin ƙungiyar TATO ta masu shirya yawon buɗe ido, ka biya ta asusun kamfani ba na wani mutum ba, sannan ka ware kuɗin kyautar jagora a gefe, wanda a al'ada yakan kama daga dala 10 zuwa sama a kan kowane mutum a rana, ana ba shi hannu da hannu a ranar ƙarshe, domin ba a sa shi cikin farashin da aka turo maka.